Shekarar da Aka Nome wa Baba Shashatau

Ƙafafuna sun daɗe da daina kai ni nesa, amma bana da kaka sai da na matsa musu suka kai ni ƙasan gonarmu, wurin da a da muke kira fadama. Autana ne ya jawo. Shi kaɗai ya rage a gida yana noma, sauran duk birni ya haɗiye su, kuma ya jima yana yi mini mita cewa wannan yanki na ƙasa ba shi da sauran amfani. Gero ba ya yi saboda laka, shinkafa ba ta yi saboda babu ruwa. Masu bulo sun lallaɓa shi sun haƙi rami ɗaya a gefe don gwaji, ƙasar ta yi musu, yanzu so suke ya sallama musu wurin gaba ɗaya tifa ta riƙa kwasa. Na ce kafin a mayar mini da gonar ubana kududdufi, a bari in je in yi mata sallama. Muna isa bakin ramin na ja na tsaya. Ruwan damina ya janye, taɓon ya fara tsagewa, amma a kusurwa ɗaya ga wata ciyawa mai jan kara a tsaye, ta buɗe furanninta rawaya.

Auta ya ce, "Inna, lafiya? Maciji kika gani?"

Na ce, "Shashatau na gani."

Ya leƙa, ya taɓe baki. "Au, wannan? Ciyawar banza ce. Gobe in na zo feshi zan haɗa da ita."

Na ce, "In ka fesa masa magani, ni da kai ne. Da ba don ciyawar nan ba, da ba a haife ka ba. Nemo mini wurin zama."

Yaran yanzu in an ce musu fadama sai su zaci kowane kwari ne. Tamu tun daga bayan gari take, ta miƙe har inda ido yake tsayawa, kuma kunne ne yake fara sanar da kai ka iso. Da damina kwaɗi ne, iri-iri, wasu kamar ana buga ƙwarya, wasu kamar tsoho yana gyaran murya. Da hantsi gauraka su wuce suna kuka, balbela su biyo shanu su yi fari a bakin ruwa. Da rani kuwa sai kukan jigo, wato itacen nan mai dutse a gindi da ake ɗaura wa guga a ɗebo ruwan lambu. Kowane jigo da muryarsa. Muna tsakar gida muna surfe Innarmu za ta ce, "Babanku ya fara ban ruwa," don ta san kukan nasa a cikin na mutane. Yanzu in na kasa kunne babu abin da nake ji sai babura da injin markaɗe. Mu 'yan mata can muke wanki, can muke ciro bado, can muke faɗa mu shirya kafin mu iso gida. Ba na cewa komai na da ya fi na yanzu, don na sha ɗaukar tulu har wuyana ya ƙage, kuma ranar da aka kawo mana famfo na fi kowa guɗa. Amma famfo ba ya tara mutane yadda fadama take tara su.

Shashatau kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Wasu garuruwa na ji suna ce masa lallen balbela. Ba ya fitowa a tudu ko da wasa, sai inda ƙafarsa za ta tsaya cikin danshi: bakin gonar shinkafa, gefen tafki, hanyar da ruwa ya bi ya kwanta. In ya samu wuri yakan kai ƙugun mutum. Karansa ja-ja ne, ganyensa siriri mai tsini, furensa kuma rawaya mai kunnuwa huɗu, yana buɗewa da safe, kafin magariba ya zube. In furen ya faɗi sai ya bar wani ɗan kwanso dogo mai baki huɗu, sak kanumfari, shi ya sa da shi muke yin yajin girkin wasa. In ya bushe ka murza, irin da ke ciki ya fi garin gero laushi. Wanda ya tsaya cikin ruwa sosai har wasu saiwoyi farare yake fitarwa, masu taushi kamar totuwar kara, Goggo ta ce da su yake numfashi. Muna da wata gasa da ba wadda ta taɓa ci: kowa ta tsinko fure ɗaya, a ga wadda za ta kai shi gida da kunnuwansa. A tafin hannu mun gwada, a cikin ƙwarya mun gwada, har da mai tafiya a kan yatsu tana riƙe numfashi. Kafin a wuce masussuka duk sun zube, sai kara tsirara a hannu.

Goggon nan yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, kuma ita kaɗai ce take iya gaya wa Baba magana ya yi shiru. A bakinta na fara jin dalilin da ya sa ba a taɓa shashatau. Duk mai noman shinkafa a garinmu zai nome komai tas, amma in ya zo kan shashatau sai ya ɗaga fartanya ya tsallake. Dalili shi ne rijiyoyin lambu ba sa kwana biyu a duniya. Kowace damina ruwa ya rufta su, ya kawo sabon yashi, jijiyar ruwan da ke ƙasa ta karkata wani wuri. To in rani ya shiga, komai ya bushe, sai mai gona ya zagaya ya duba inda shashatau ya ƙi mutuwa, inda har yanzu ganyensa kore ne. A nan zai kafa dagi. Goggo takan ce, "Wannan shi ne idon gona. Mu muna ganin sama, shi yana ganin ƙasa." Ba wanda ya taɓa zama ya koya wa wani wannan, don ba a zaci akwai mutumin da bai sani ba.

Ashe akwai. Wanda yake nemana da aure daga wani ƙauye yake ta wajen Kunci, ƙasar jigawa, inda gero da gyaɗa ne kawai, kuma darajar manomi ita ce a duba gonarsa a rasa tsinke. A kasuwar Ɗambatta ya fara ganina ina riƙe wa Goggo kwandon albasa, ya sayi albasar da na tabbata har ya mutu bai san abin da ya yi da ita ba. Dogo ne, mai yawan dariya, in yana magana hannuwansa ma magana suke yi. Samarin garinmu suka sa masa Na-tudu, sunan ya bi shi har kabari. Yanzu da na tsufa ba ni da abin ɓoyewa: ina son sa ƙwarai, tun ranar albasar. An kawo goro, an karɓa, sai abin da al'ada ta tanada, wato saurayi ya kira gayya ya yi wa surukinsa aiki. Ya zaɓi gonar shinkafar Baba, a noman ƙarshe, don ya ji an ce nan ce Baba ya fi ji da ita.

Ranar gayyar aka yi rasuwa a maƙwabtan gari, Baba da duk manyan unguwa suka tafi jana'iza tun da sassafe. Na-tudu ya iso da abokansa da makaɗinsu, ba su tarar da kowa ba sai gona. Suka tuɓe riguna, ganga ta ɗauka. Da rana ta take aka ɗora mini ƙwaryar fura na kai musu. Tun daga nesa na ga wani abu ya canza, ban gane ba sai da na matso. Gonar ta yi fes kamar an share tsakar gida. Layin shashatau da ke zagaye da ita, da wanda ke tsakiya, duk an tumɓuke an tara a kan iyaka, rana ta riga ta kwantar da shi. Na-tudu ya taho yana share gumi, bakinsa har kunne.

Ya ce, "Kin ga aikin maza? Wata 'yar ja mai taurin kai ce ta fi ba mu wuya, amma ko ɗaya ba mu bari ba. Ki gaya wa Baba ya zo ya nemi tsinke."

Ban san lokacin da na dire ƙwaryar na sa kuka ba. Shi kuwa ya zaci kukan daɗi ne, har ya juya yana yi wa abokansa inkiya.

Da a shekarar kirki ce, da abin ya ƙare a dariya, don ruwa biyu zai sake fito da shi. Amma a makon nan damina ta ɗauke, ba ta sake waiwayowa ba. Gero ya tsaya da ciki bai cika ba, shinkafa ta yi ƙaiƙayi. Kowa ya san abin da ya rage shi ne lambu, wanda bai yi albasa ba bana sai dai ya ɗaure tabarma ya tafi ci-rani. Maƙwabta suka zagaya gonakinsu, kowa ya ga shashataunsa, ya haƙa, ya samu. Baba ya haƙa inda rijiyar bara take, ƙura. Ya matsa ya sake haƙawa, ƙura. Jigunan mutane suka fara kuka hagu da dama, namu yana jingine a bayan rumbu. Inna ta daina ɗaga kai in ana surfe. Wata rana da yamma Baba ya shigo, laka busasshiya har gira, ya kira Goggo a gabanmu.

Ya ce, "Yaya, a mayar wa mutanen nan goronsu. Wanda ya makantar mini da gona ba zan ba shi 'ya ba."

Goggo ta ce, "Yaron nan ba mugunta ya yi ba, ƙauna ce ta yi masa yawa."

Baba ya ce, "Ƙaunar za mu tuƙa mu ci?"

Sai ta ce, "To ka ba shi zuwa ƙarshen dashen albasa. Fartanya ba ta taɓa gamawa da shashatau. Dole akwai wanda aka sare a wuya, saiwarsa na nan. In akwai ruwa a ƙarƙashinsa zai toho. Shi ya rufe idon, shi zai buɗe."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ɗauki buta ya fita. A gidanmu wannan e ne.

Matsalar ita ce Na-tudu bai san abin da yake nema ba. Ya gan shi babba, bai taɓa ganin jaririnsa ba. Da la'asar ya zo zance, Goggo na zaune a bakin soro tana kaɗi, na kwatanta masa iya iyawata: jan kara, ganye siriri, in ka duba ƙasan ganyen jijiyoyinsa a jere suke. Na ba shi busasshen kwanso daga kayan wasan ƙannena ya sa a aljihu. Tun daga ranar ya bar garinsu ya tare a soron wani abokin Baba. Da asuba ya shiga gonar ya durƙusa, ya riƙa rarrafe yana leƙa tsagar laka ɗaya bayan ɗaya. Masu ban ruwa su riƙa ɗaga murya, "Na-tudu, allura ka yar?" Shi kuma ya ɗaga musu hannu yana dariya, amma na ga dariyar tana raguwa. Kullum da yamma sai ya zo mini da abin da ya samo a cikin hularsa.

In ce, "Wannan ai tafasa ce, ko akuya ta san ta."

Washegari in ce, "Wannan jiji ne."

Wata rana har kashin-yawo ya kawo. Goggo ta yi dariya har mazarinta ya faɗi. Ni ma na yi, amma da na shiga ɗaki kuka na yi, don irin albasar Baba da ke cikin ɗan fangali ya fara tsufa, kuma na ji Inna tana wanke wa Baba rigar tafiya ci-rani. Gwiwoyin Na-tudu duk sun sale. Na ce masa, "In abin ya gagara ka haƙura, ba laifinka ba ne." Ya dube ni ya ce, "In na haƙura da gonar, da ke na haƙura. Ki bar ni da rarrafena."

Ranar da abin ya faru da hantsi ya zo, ba lokacin zance ba, hularsa a kansa babu komai a ciki. Ya tsaya a ƙofar gida yana haki yana kwaɗa sallama.

Ya ce, "Goggo, ki zo ki gani. Ban taɓa shi ba. Wallahi wannan karon ban taɓa shi ba."

Muka bi shi. Can ƙarshen gona, kusa da iyaka, wurin da ko mahaukaci ba zai haƙa rijiya ba don ya fi ko'ina tudu a ido, ya zagaye wani wuri da rigarsa don kada akuya ta zo. A cikin tsagar laka, ƙasa da fuskar gona, ga wani ɗan kututture da fartanya ta sare, ya fitar da 'yan ganye jajaye da ba su kai farcen yaro ba. Goggo ta tsugunna ta daɗe tana kallo. Ta miƙe ta ce, "Ɗauko dagi."

Ya fara haƙa a gefensa, yana kare shi da jikinsa. Labari ya kai wa Baba, ya zo, amma bai matso ba. Ya zauna can gindin giginya ya juya mana gefe yana tufka igiya, kamar wanda hanya ce kawai ta biyo da shi. Ƙasa fara ta fito, sannan baƙa. Rana ta raba, Na-tudu ya nutse har ba a ganin kansa, abokin Baba yana jan kwando. Masu tsokana suka bar jigunansu suka zo suka yi cirko-cirko. Can wajen la'asar muka ji dagin ya canza murya. Sai ga Na-tudu ya fito, ya nufi gindin giginya da wani abu a dunƙule a hannu biyu, ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba. Yashi ne jiƙaƙƙe. Baba ya ɗauka ya matse, ruwa ya biyo ta tsakanin yatsunsa. Ya shinshina.

Sannan ya miƙa wa Na-tudu igiyar ya ce, "Ta guga ce. Jigon yana bayan rumbu, in ka iya kafawa." Ya waiwayi Goggo ya ce, "Yaya, a bar goron nan."

Albasar shekarar ita ta riƙe gidanmu har sabuwar damina, a cikinta aka yi bikinmu. Na-tudu bai koma tudu ba. Lambu ya shiga ransa, ya nemi fili ya yi gida a garinmu, daga baya gonar ta faɗo cikin rabona na gado. Mutumin da ya tumɓuke shashatau ya zama babu wanda ya kai shi tsaronsa, yaro ya kuskura ya taka sai ya ji a kunnensa. Da na shiga ɗakin aure na daina zuwa fadama, sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk shekara in furen fari ya buɗe sai ya tsinko ya nufo gida da shi, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kuma duk shekara sai ya shigo da kara tsirara, ya tsaya yana dubansa cikin mamaki, ya ce, "Wallahi da furensa na taho, a hanya ya zube." Na gaya masa mun gwada tun muna yara, ba ya yiwuwa. Bai taɓa yarda ba.

Ban san ranar da fadama ta mutu ba, don ba rana ɗaya ta mutu ba. Ruwan da yake malalowa daga sama ya ragu, gidaje suka ci gefenta, maganin feshi ya zo ya sauƙaƙa wa mutane noma, shi kuwa magani ba ya tsallake kowa. Jiguna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. A shekarunsa na ƙarshe Na-tudu yakan dogara sanda ya zagaya ƙasan gonar da kaka, ya dawo hannu wofi ya zauna, ni ma ba na tambaya. Ya rasu bai sake ganin furen ba. Wannan yana cikin abubuwan da suke yi mini ciwo har yau.

Duk wannan na ba Auta labari a bakin ramin masu bulo, ina zaune a kan buhun da ya shimfiɗa mini. Ya san mahaifinsa da suna Na-tudu, bai taɓa jin labarin rarrafen ba. Ya yi dariya a inda ake dariya.

Ya ce, "To Inna, daga ina ya fito bayan shekarun nan duka? Ba wanda ya shuka shi."

Na ce, "Irinsa yana kwance a cikin laka tun zamanin kakanka. Masu bulonka ne suka tono shi ya ga rana. Ka ce su dakata. In rani ya shiga ya bushe tare da sauran ciyawa, ka ba su wurin, ba zan ce komai ba. In kuwa komai ya mutu shi ya ƙi, to ka san abin yi."

Ya ce, "In babu fa?"

Na ce, "In babu, na yi sallamar da na zo yi."

Aka gama girbi, aka kwashe kara, shanu suka shiga gonaki suka fita. Masu bulo suka yi ta zarya, ina jin Auta a soro yana ba su haƙuri. Ban sake tambayarsa ba, kuma ban sake iya zuwa ba, gwiwa ta hana. Na dai lura ya karɓo aron dagi, kuma kwana biyu yana dawowa da laka a gira.

Shekaranjiya da la'asar ina zaune ina tsince wake sai ga shi ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya durƙusa a gabana ya ajiye wani abu a bakin tabarma. Yashi ne. Na ɗauka na matse, sanyinsa ya ratsa ni, ruwa ya gangaro ta tsakanin yatsuna har gwiwar hannu.

Ya ce, "Na sallami masu bulo, Inna. Albasa zan dasa."

Sai ya ɗago ɗaya hannun, wanda ya ɓoye a bayansa, yana riƙe da wani siririn jan kara babu komai a kansa. Ya tsaya yana jujjuya shi, fuskarsa cike da mamaki.

Ya ce, "Wallahi da furensa na taho miki, Inna. A hanya ya zube."

Na karɓa da hannuna mai laka. Na ce, "Na sani, ɗan nan. Baɗi ka sake gwadawa."